Miyar karoti a Gure: aikin uwa da aikin yara

Daga Disamba har wajen ƙarshen Fabrairu, duk wanda ya ratsa kasuwar Gure zai ga karoti kashi-kashi a kan buhu, ganyensa kore shar, jikinsa da sauran rairayin lambu. Mu nan karoti muke ce masa, daga bakin Faransanci. 'Yan'uwanmu na Najeriya su ce karas. Amma bi shi gida ki ga inda yake ƙarewa. Ko dai yaro ya gurgure shi ɗanye a hanyar makaranta kamar rake, ko a yanka ƙwaya biyu a watsa a kan shinkafa ranar suna don a ga ja-ja. Tukunyar miya kuwa, wadda ake ɗorawa kullum, ba ta san shi ba. Ni abin da nake so, uwargida, shi ne karoti ya zama gindin miya, kamar yadda kabewa take a taushe, kuma yaran gidan su ne za su yi rabin aikin.

Ba don daɗi kaɗai nake wannan magana ba, ko da yake akwai daɗin. Kowa a ƙasar nan ya san dundumi: yaro lafiya lau da rana, magariba na yi sai ya fara tuntuɓe da turmi, yana lalube ya rasa kwanon tuwo. Mata masu ciki ma suna yin sa. Yawanci ƙarancin bitamin A ne ke kawo shi, kuma ƙarancin nan ba a ido ya tsaya ba, yana raunana jikin yaro har ƙyanda ko zawo su yi masa mugun kamu. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 bitamin ɗin duk bayan wata shida, shuɗin ƙwanso ga wanda bai cika shekara ba, jan ƙwanso ga wanda ya wuce. Kada a bar wannan ya wuce yaro. Sai dai tsakanin ɗigo da ɗigo akwai wata shida cur, kuma tukunyarki ce ke riƙe da su. Launin ruwan goron nan na karoti wani sinadari ne da ake kira karotin, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Karoti ɗaya madaidaici, mai nauyin giram 60 ko 70, yana ɗauke da abin da zai ishi ƙaramin yaro na yini guda. Sharaɗin kawai shi ne jiki ya iya zuƙe shi, kuma ba ya zuƙewa sosai sai karotin ya dahu ya haɗu da maiƙo. Wanda aka tauna ɗanye, gaya ba mai, kaɗan ne daga amfaninsa ke shiga jini. Dalilin miyar ke nan.

A fara daga kasuwa, kuma ki tafi da yaro ɗaya in da hali, don zaɓe ma koyo ne. Ɗauki guda ki ɗan lanƙwasa. In ya tsaya ƙyam kamar zai karye, sabo ne. In ya bi hannu kamar igiya, ya kwana biyu a rana. Nemi mai kaurin babban yatsa zuwa yatsu biyu, mai santsin jiki, mai launi a cike. Wanda ya yi ƙatoto, musamman idan zafi ya fara shigowa a watan Maris, zuciyarsa takan yi itace, ki dafa ki dafa ta ƙi laushi. Wanda kafaɗarsa ta yi kore, rana ce ta doke shi tun yana ƙasa, wurin yana da ɗaci, sai an yanke. Mai ƙafa biyu ko uku ba shi da wani aibi a ciki; dutse ya tarar ko ɗanyen taki, sai ya rabu. Wankinsa ne da wuya, amma yara suna son sa, kuma masu sayarwa kan sassauta kuɗinsa.

Ƙasarmu ta dace da shi fiye da yadda ake zato. Gure tana kan babbar hanyar Damagaram zuwa Diffa, kilomita 160 da ɗoriya gabas da Damagaram, ruwan shekara kuwa wajen milimita 300 ne, wata shekarar ma bai kai ba. Abin da ya rufa mana asiri shi ne kwarurrukan nan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa, dabino da goriba suka yi zobe, a tsakiya kuma lambu: rogo, rake, dankali, albasa, kabeji, salati. Duk mai bin hanyar nan ya san Gidimuni da lambunanta. Karoti yana son ƙasa mai taushi da sanyin hunturu, to ga su nan duka biyu. A zuba iri wajen Oktoba ko Nuwamba, bayan kamar wata uku a tuge. Irin da ya fi yawa a cikin takardun iri shi ne na Nantes, sunan wani birni ne a Faransa: miƙaƙƙe, ƙarshensa ba tsini, zuciyarsa ƙarama. Asalin karoti kuwa can wajen Afganistan da Farisa ne, inda ake nomansa tun shekara dubu da suka wuce, shunayya da rawaya. Mai ruwan goron nan manoman Holand ne suka inganta shi a ƙarni na 17. Na kawo wannan ne don ki riƙe abu ɗaya: a karoti, launi shi ne maganin. Wanda ya fi cika launi ya fi sinadarin karotin.

Kina isa gida, ki murɗe ganyen, don yana ci gaba da shan ruwan saiwar har ta yanƙwane. A ba awaki. In ba yau za a dafa ba, kada ki wanke. Binne shi cikin rairayi mai danshi a inuwa, gefen randa ya fi. Masu tukunya cikin tukunya, wato ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, su sa shi ciki su rufe da jiƙaƙƙen buhu. Dabarar nan wani malami ne daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma a busasshiyar iska irin tamu ta fi yin aiki.

Ga abin da za ki tanada don mutum shida zuwa takwas: karoti 10 madaidaita, albasa 2 (in kin sami ta Galmi, madalla), tumatir 4 ko cikin hannu na kauɗa da aka jiƙa, tattasai 2, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗan guntun citta, daddawa, man gyaɗa cokali 3 na cin abinci, gyaɗa soyayya kamar cikin ludayi biyu, da ruwa lita ɗaya da rabi. In akwai ƙashi, a tafasa shi tun da wuri, romonsa ya maye gurbin ruwan. In babu, busasshen kifi ya wadatar, in shi ma babu, gyaɗar da daddawar za su riƙe miyar. Busasshen tattasan Diffa, wanda ake nomawa a bakin Komadugu ake ratsa garinmu da shi mota-mota, yana ƙara wa miyar nan launi da ƙamshi ba tare da yaji mai sa yaro kuka ba. Ganyen zogale cikin hannu biyu, in ana so.

Kafin kowa ya taɓa komai, wankin hannu da sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, babba ya zuba wa ƙarami da buta. Kada a yi wa wannan sassauci ko sau ɗaya, don abin da yaro ya saba da shi a ranar farko shi zai ɗauka ka'ida.

Wankin karoti aikin 'yan shekara 3 zuwa 5 ne, kuma ba su da abin da suka fi so kamar a ce su sa hannu a ruwa. A gari irin namu da ruwa ke da tsada ba a sakin buta a kansa. Roba biyu za ki ajiye, kowacce da ruwa kaɗan. A ta farko a jiƙa shi minti biyar ƙasar ta saki, yaro ya goge da soso, ya bi duk tsagar da ke jikinsa. Daga nan a tsamo shi da hannu a sa a ta biyu. Tsamowa ake yi, ba a tuttule ruwan ta kansa, don rairayin ya riga ya kwanta a gindin roba, in kika tuttule sai ya koma inda ya fito. Duk wanda ya taɓa tauna yashi a miya ya san abin da nake gudu. Ruwan wankin a kai gindin zogale ko dalbejiya.

Sai kankara. A nan ne na fi ganin ɓarna: mace ta ɗauki wuƙa ta fere karoti kamar rogo, ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Fatar karoti ba ta kai kaurin takarda ba. Sabon da aka tugo jiya ma wanki kawai yake so. Wanda ya ɗan kwana, gefen cokali ya ishe shi, kuma cokali ba ya yanka yatsa, shi ya sa wannan aikin na 'yan shekara 6 zuwa 9 ne. Yaro ya riƙe kan karotin da hagu, ya kafa ƙarshensa a kan faranti, ya riƙa jan cokali daga sama zuwa ƙasa, nesa da jikinsa, yana juyawa.

A gidan goggona na fara ganin haka, wata safiya ta Janairu da sanyi ya hana kowa fitowa sai da rana ta ɗaga. Jikarta, yarinya 'yar shekara bakwai, ta zauna a tabarma ta tanƙwashe ƙafa, harshe a waje don tsabar mai da hankali, tana kankara, 'yan siraran fatun suna manne mata a yatsu. Wanta na tsaye ya harɗe hannu, wai aikin mata ne. Goggo ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Kai, maigidana, zo ka duba mini gyaɗar nan, idona ba ya gani. Duk wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane, fitar da ita." Ya tsuguna. Can sai ga shi yana cewa, "Kaka, wannan fa? Ta yi fari-fari a ciki." Ta ce, "Jefar, ko kaza kada ka ba." Kafin a jima shi ne ya karɓi taɓarya. Da aka sauke miyar, yaron nan da ba ya cin ganye sai da rarrashi, ya cinye nasa har ya suɗe kwano, yana gaya wa babansa cewa shi ya daka gyaɗar.

Aikin da Goggo ta ba shi ba na rarrashi ba ne kawai. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar hanta, kuma wuta ba ta kashe ta, tsincewa ce maganinta. Idon yaro kuwa ya fi na babba kaifi a wannan. Bayan tsincewa a murje ɓawon, a fece, a daka har ta fara fitar da mai. Ɓare tafarnuwa, tsinke zogale daga itacensa, jajjaga tumatir da tattasai a ƙaramin turmi, duk na yara ne. Barkono da attarugu kaɗai za ki hana su taɓawa, don hannun yaro ba ya minti biyu bai kai ido ba.

Wuƙa sai ɗan shekara 10 zuwa sama, kina zaune kusa, ba kina can kina hura wuta ba. Mu mun saba yanka a hannu, wuƙa na zuwa ta tsaya a babban yatsa. Da kuɓewa ko albasa wannan yana yiwuwa, amma karoti yana da tauri, wuƙa takan ƙwace, don haka kada yaro ya koyi wannan a kansa. Samo katako mai tsabta ko bayan faranti mai faɗi. Ke za ki fara tsaga kowane karoti gida biyu a tsaye, ki kifa shi a kan gefen da ya yi shafe, yadda ba zai mirgina ba. Yaro ya danne da yatsu a naɗe ciki kamar ƙafar kyanwa, ya riƙa yankawa kaurin rabin yatsa. Ba sai sun yi kyau ba tunda burgewa za a yi, amma su yi kusan kai ɗaya don su nuna tare. In kina sauri, magogi ya fi: gogaggen karoti yana narkewa cikin minti goma. Sai dai ki ce wa mai gogar ya tsaya in ya rage kamar gaɓar yatsa, ya ci guntun, ladan aikinsa ke nan.

Wannan ladan ba na kowa ba ne. Yaron da bai kai shekara 4 ba, kada a ba shi ɗanyen karoti, musamman wanda aka yanka zagaye kamar kwabo. Daidai yake da faɗin maƙogwaronsa, yana iya shaƙe shi. Ki gaya wa manyan yaran wannan da babbar murya, don su ne ke miƙa wa ƙanensu abu a ɓoye saboda ƙauna.

Daga nan kuma wuta, wadda taki ce ke kaɗai. Ja layi a ƙasa da yatsa, taku biyu daga murhu, ki ce ba mai tsallakewa. Iskar hunturu tana kaɗa harshen wuta inda ba a zata ba, bakin zane da hijabi kuwa ba su da wuyar kamawa. Tukunya ta zauna daram a kan duwatsunta kafin a zuba komai.

Zuba man, ya yi zafi, ki sa albasa ta yi laushi ba tare da ta ƙone ba. Sai karotin. Kada ki yi gaggawar zuba ruwa: ki riƙa juya shi cikin man har minti biyar. Kira yaran su leƙo daga bayan layinsu su ga yadda man ke rinewa ya koma ruwan goro. Sinadarin karotin ne ke fita yana shiga mai, kuma nan ne zaƙin miyar ke tasowa. Sa jajjagen tumatir da tattasai da tafarnuwa da citta, ki soya har tsamin tumatir ya mutu, mai ya taso sama. Zuba romo ko ruwa da daddawa, ki rufe, ki rage itace. Minti 20 zuwa 25 yana dahuwa a hankali. Gwajinsa, ki danna yanki ɗaya a jikin tukunya da bayan ludayi. In ya murƙushe ba gardama, ya yi.

Na san hannunki zai kai ga kanwa. Mu 'yan ƙasar kanwa ne. Daga kwarurrukan Muniyo da ƙasar Manga fatake suka yi ta ɗaukar kanwa da manda zuwa Kano da gaba da Kano. A wake da kuka tana da aikinta. A nan kam ki bar ta. Tana sa karoti ya yi laɓo-laɓo, ta dusashe ɗanɗanonsa, ta kuma lalata wasu bitamin na tumatir da ganyen da ke cikin miyar. Ƙarin minti biyar a wuta ya fi ta.

Sauke tukunyar ƙasa ki burge da maburgi har ta yi sumul. In kina so yara su yi wannan, tsame karotin da matsami ki baza a faranti ya huce sosai, sannan su dandaƙa shi a turmi mai tsabta, ki mayar cikin romon. Dama gyaɗar da ruwan ɗumi a kwano, wannan ma yaro zai iya, ki zuba, ki mai da tukunya wuta minti goma kina juyawa don kada ta kama. Zogale a ƙarshe, minti biyar ya ishe shi.

Kafin gishiri da dunƙule da barkono, ɗebi na jariri. Wanda ya cika wata shida zai iya shan wannan, a tace ko a murje ta yi laushi ƙwarai, cokali biyu ko uku a farko, tare da nono. Wanda bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi. Bayan kin ɗebe, sa gishiri mai aidin, sannan ki ba kowane yaro ɗanɗano a tafin cokali bayan kin hura, ki tambaye shi me ya rage. Ki saurari amsar da gaske. In suka ce zaƙi ya yi yawa, sun yi gaskiya, karoti da albasa duk masu zaƙi ne. Ɗan ruwan tsamiya ko matsin lemon tsami zai daidaita ta. Yajin manya a ajiye shi a gefe, kowa ya barbaɗa a nasa kwano.

In kin bar ta da kauri, miyar tuwo ce, ta hatsi ko ta dawa ko ta shinkafa. In kin ƙara ruwa ta yi ruwa-ruwa, a sha da ludayi da guntun burodi a daren sanyi, ko a ba mai jego da marar lafiyan da bakinsa ba ya son abinci. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya. Wannan kuwa hannuwan da suka yi ta su ne za su fara kai mata. Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a ajiye sannan a ba yaro haka nan; a rufe, in za a ci a sake tafasa shi har ya yi ɓararraka. Gyaɗa ba ta jure kwana a zafi.

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa a wurin har minti 20. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba toka, ba manja. In wurin ya fi tafin hannun yaron faɗi, ko a fuska ne, ko a hannu, ko a gaba, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi gidan likita. Yanka kuwa a wanke, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya. Wani abin da kan tsorata iyaye kuma: yaron da ke cin karoti kullum, tafin hannunsa da na ƙafarsa na iya yin rawaya-rawaya. Duba farin idonsa. In fari ne tas, launin karotin ne kawai, zai tafi da kansa in an rage. In idon ma ya yi rawaya, wannan ba karoti ba ne, shawara ce, a kai shi likita ranar.

Kakar karoti gajeriya ce, zafin Afrilu na shigowa sai ya yi wuya ya yi tsada. To, lokacin da ya yi araha ki sayi da yawa ki yi kauɗarsa, kamar yadda muke yi wa tumatir da kuɓewa. A wanke, a kankare, a yanka sirara, a tsoma a tafasasshen ruwa minti uku, a tsame. Yara su jera yankan ɗaya-ɗaya a kan faifai, kada wani ya hau wani, a rufe da gidan sauro ko siririn mayafi saboda ƙuda da ƙura. A inuwa mai iska za a shanya, ƙarƙashin rumfa, don hasken rana kai tsaye yana cinye launin, wato yana cinye maganin. Iskar hunturun Gure takan busar da shi cikin 'yan kwanaki. In ya yi ƙarau yana karyewa, a zuba a gwangwani mai murfi a ajiye a duhu. Ranar da za a dafa, a jiƙa cikin hannu biyu a ruwan ɗumi rabin awa, a tsame a soya cikin man kamar ɗanye, ruwan jiƙon kuma a zuba shi cikin miyar.